Hasken da ke ratsa taurari da dare: tambayoyi da amsoshi kan gane tauraron ɗan Adam da bin sawunsa

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin masu ɗaga kai sama da dare su ga wani ɗan haske yana tafiya shiru a tsakanin taurari. An faro daga masu sauƙi zuwa masu zurfi, kuma duk inda wata amsa ta jingina da wata, an nuna lambarta.

1. Wai da gaske ana ganin tauraron ɗan Adam da ido, ba tare da wata na'ura ba?

Ƙwarai kuwa. Waɗanda ke kewaya duniya a kusa, tsakanin kilomita 300 zuwa 1,000 daga doron ƙasa, da yawansu ido na kama su. A ƙauye, ko a gari daren da aka ɗauke wuta, mutum zai iya ƙirga da dama kafin ya tashi daga kan tabarma.

Abin ya faro ne ranar 4 ga Oktoban 1957, da Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik 1. Shi kansa Sputnik ƙwallon ƙarfe ne da faɗinsa bai wuce santimita 58 ba, saboda haka yawancin waɗanda suka ce sun gan shi a lokacin, gangar rokar da ta kai shi suka gani. Har yau haka lamarin yake: wani kaso mai yawa na abin da kake hange ba tauraro mai aiki ba ne, tsohuwar gangar roka ce ko wanda ya daɗe da mutuwa yana ta yawo. Masu aiki kuwa sun haura dubu goma, fiye da rabinsu na Starlink ne, wato taurarin intanet na kamfanin SpaceX.

2. Fitila ce a jikinsa yake haskawa da ita?

A'a, ba shi da hasken kansa. Hasken rana ne ke dukan jikinsa da allunan solarsa ya dawo idonka. Wanda ya riƙe wannan ya fahimci rabin abin da ke wannan shafi. Ka lura da kan doguwar hasumiya da yamma: ƙasa ta riga ta shiga inuwa, amma ƙololuwarta na nan da hasken rana. To abin da ke nisan kilomita ɗaruruwa ya fi ta daɗewa cikin hasken nesa ba kusa ba.

Saboda haka sai abu uku sun haɗu: wurin da kake ya yi duhu, shi tauraron yana cikin hasken rana, kuma ya ɗago sosai a samanka. Da rana tsaka yana nan yana wucewa amma hasken gari ya danne shi; da tsakar dare kuma yana wucewa amma inuwar duniya ta rufe shi.

3. Wane lokaci ya fi dacewa in fita in duba?

Da yamma, daga kamar minti arba'in bayan faɗuwar rana zuwa awa ɗaya da rabi ko biyu. A aikace, daga tsakanin Magariba da Isha zuwa ɗan bayan an sallame Isha. Da safe kuma daga kafin kiran sallar Asuba zuwa lokacin da gari ya fara wayewa. Masu fita masallaci da asuba sun fi kowa samun sama mai tsabta, don ƙurar yini ta kwanta kuma janareto sun yi shiru.

Akwai abin da shafukan Turai ba sa faɗa mana. A Kano, Sakkwato, Damagaram ko Maraɗi, muna tsakanin digiri 12 da 14 ne arewa da layin ikwaita, rana tana nitsewa kusan a miƙe, duhu ya shigo da sauri, inuwar duniya ma ta hau sama da sauri. Mutumin Ingila ko Jamus a watan Yuni yakan ga taurarin ɗan Adam dare farai, domin ranarsu ba ta nisa a ƙarƙashin ƙasa. Mu namu lokacin gajere ne duk shekara, wanda ya tsaya cin tuwo sai ya tarar an gama.

Game da yanayi, hazon hunturu shi ne babban abokin gaba: yakan shafe duk abin da ke ƙasa-ƙasa ya bar masu tsananin haske kaɗai. Damina akwai gajimare, amma daren da ruwa ya ɗauke sama ta washe, babu kamarsa. A ganina lokacin kaka, daga ɗaukewar ruwa zuwa saukar hazo, shi ne mafi daɗi. Farin wata ba ya hana ganin manya irin na tambaya ta 6, ƙananan ne yake ɓoyewa.

4. Yaya zan bambanta shi da jirgin sama, da jirgi mara matuƙi, da tauraro na gaske?

Jirgin sama yana da fitilu masu ƙyaftawa, ja a fiffiken hagu, koriya a na dama, da fara mai walƙiya, kuma sau da yawa ƙararsa na biyo baya. Idan ya tunkaro ka da fitilar sauka yakan yi kamar ya tsaya cak yana ƙara haske, sai ya karkata ka ga sauran fitilun. Tauraron ɗan Adam ɗigo ɗaya ne fari ko mai ɗan ruwan ɗorawa, ba ƙara, tafiyarsa ɗaya, ba ya kwana, ba ya tsayawa, ba ya komawa baya. Duk abin da ya tsaya wuri ɗaya sannan ya zabura, ko ya yi kwana, ba shi ba ne. Jirgi mara matuƙi ko mai saukar ungulu ne ke yin haka.

Abin da ake cewa tauraro ya faɗo kuwa, ɗan tsakuwa ne ya ƙone a iska, daƙiƙa ɗaya ko biyu ya gama. Tauraron ɗan Adam yana ɗaukar mintuna kafin ya ƙetare sama. Zara da yamma da Gamzaki da asuba, su kuma ba sa gusawa a idon mai kallo sai an jima.

Ido ma yana yaudara. Idan ka ƙura wa tauraro ɗaya ido cikin duhu, ko gajimare na wucewa ta gabansa, sai ka rantse tafiya yake. Maganin abin: ka tsaya inda zai daidaita da bakin katanga ko turken wuta, kar ka motsa kai. Mai tafiya da gaske zai bar wurin cikin daƙiƙa kaɗan.

5. Ina cikin kallonsa sai ya dushe ya ɓace a tsakiyar sama. Ina ya shiga?

Inuwar duniya ya shiga. Yana nan yana tafiyarsa, rana ce ta faɗi a wurinsa. Idan mai haske ne sosai za ka ga ya ɗan yi ja-ja cikin 'yan daƙiƙu kafin ya mutu. Da yamma wannan yana faruwa ne a ɓangaren gabas, da asuba kuma akasin haka: sai ka ga haske ya ɓullo daga babu a ɓangaren yamma ko a tsakar ka, ya nufi gabas. Wannan ɓacewar ma shaida ce mai ƙarfi cewa ba jirgi ka gani ba.

6. Wanne ne ya fi kowanne haske, wanda ya kamata in fara nema?

Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ake taƙaitawa ISS. Faɗinta ya kai mita 109, tana nisan kimanin kilomita 400 zuwa 420, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, ta kewaye duniya cikin minti casa'in da 'yan kai. An harba ɓangarenta na farko a Nuwamban 1998, kuma tun Nuwamban 2000 ba ta taɓa zama babu mutum a ciki ba. Idan ta biyo ta tsakar ka haskenta yakan yi kusa da na Zara, ta yi minti huɗu zuwa shida tana ƙetarewa. Ko a tsakiyar Sabon Gari ana ganinta. Ba kullum take samuwa ba: kafin ta gama zagaye ɗaya duniya ta juya kimanin digiri 23, hanyarta ta gusa yamma da kusan kilomita 2,500. Za ka same ta kwanaki a jere, sannan a yi sati ɗaya ko biyu shiru.

Ta biyu ita ce Tiangong ta ƙasar Sin, wadda aka harba jigonta a Afrilun 2021 aka kammala haɗa ta a ƙarshen 2022. Ba ta kai ISS girma ba, amma tana kai hasken taurari mafiya haske.

Sai kuma wanda muka fi Turawa sa'a a kansa: madubin hangen nesa na Hubble, da aka harba a Afrilun 1990. Hanyarsa ba ta wuce digiri 28.5 arewa ko kudu da ikwaita, saboda haka mutumin Landan ba ya samunsa, mu kuwa yakan bi ta saman kanmu. Haskensa matsakaici ne, sai an san inda za a duba.

7. Mun ga fitilu a jere, ɗaya na bin ɗaya, sun ratsa sama. Mene ne wannan?

Kusan tabbas Starlink ne na kamfanin SpaceX. Roka ɗaya takan ɗauki ashirin da wani abu zuwa sittin ta sake su tare a ƙasa-ƙasa, sannan kowanne ya riƙa hawa a hankali cikin makonni zuwa mazauninsa, wajen kilomita 500. A kwanakin farko suna manne da juna, suna kusa da mu, shi ya sa suke fitowa a layi da haske. Bayan haka sai su warwatse su dushe, har ya zama da ƙyar ido ke kama su. An fara ganin irin wannan jeri ne a Mayun 2019, da aka harba sittin na farko.

Duk lokacin da jerin ya ratsa wani gari, kafin gari ya waye an cika WhatsApp da bidiyo da fassarori, wannan ya ce makami ne, wancan ya ce alama ce. Na'urorin intanet ne, irin wanda Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ya fara aiki a cikinta a Janairun 2023. Masu ƙorafi na gaskiya a kansu su ne masana taurari, domin suna zana musu layuka a hotunan bincike. Kamfanin ya gwada shafa musu baƙi da sa musu kariya a 2020, abin ya ragu amma bai ƙare ba.

8. Wani yana walƙiya yana dushewa, wani kuma ya haska bal sau ɗaya ya mutu. Duk su ne?

Su ne. Mai haske da dushewa a kan ƙa'ida, misali duk bayan daƙiƙa biyar ko goma, yawanci gangar roka ce ko mataccen tauraro yana wulwulawa, kowane juyi ya nuna wa rana wani gefe. Mai haskawa sau ɗaya kuwa, wani shafaffen ɓangarensa ne ya dace da kusurwar da ta turo hasken rana daidai inda kake. Tsofaffin taurarin wayar Iridium sun yi suna a kan wannan, har ana iya faɗin daƙiƙar da za su haska, amma an maye gurbinsu tsakanin 2017 da 2019 da sababbi waɗanda ba sa yi. Idan ka ga tsohon rubutu yana koya maka jiran walƙiyar Iridium, zamaninsa ya wuce.

9. A ina zan sami jadawalin lokacin da za su wuce ta garinmu?

Shafin Heavens-Above shi ne na gargajiya, kyauta ne, ba ya cin data sosai, yana ba da jadawalin ISS da Tiangong da Hubble da sababbin jerin Starlink, har da taswirar taurarin da za su ratsa. Hukumar NASA tana da manhajar Spot the Station don ISS kaɗai, tana turo sanarwa kafin lokaci. Stellarium tana zana maka sama kamar yadda take, a waya ko kwamfuta. N2YO kuma yana nuna inda tauraro yake a taswirar duniya yanzu-yanzu.

Kafin komai, saka garinka. Idan ba ka saka ba, Heavens-Above yana ɗauka kana digiri sifili da sifili, wato cikin teku kudu da Gana. Wannan tarkon ya fi kama mu, domin wurin bai yi nisan da za ka ga lokutan sun yi bambarakwai ba, sai dai kawai ka fita ka rasa komai. Ka duba agogon ma: Najeriya, Nijar, Kamaru da Chadi suna gaba da agogon GMT da awa ɗaya, Gana tana daidai da shi, Sudan kuma awa biyu.

10. Na buɗe jadawalin, lambobi ne kawai. Yaya ake karanta shi?

Ɗauki layi ɗaya a matsayin misali. Haske: −3.4. Farawa: 19:21, digiri 10, SW. Ƙololuwa: 19:24, digiri 71, SE. Ƙarewa: 19:26, digiri 30, NE. Harafin N arewa ne, E gabas, S kudu, W yamma. Ma'ana, ƙarfe bakwai da minti ashirin da ɗaya ka fuskanci kudu maso yamma ka duba ƙasa-ƙasa. Bayan minti uku zai kusa tsakar ka. Ƙarfe bakwai da ashirin da shida zai ɓace a arewa maso gabas. Tunda ƙarewar tana digiri 30 ba 10 ba, ka san inuwa zai shiga, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 5, ba faɗuwa zai yi ba.

Ma'aunin haske a juye yake: ƙaramar lamba ita ce haske mai yawa, mai alamar ragi a gaba ta fi duka. Zara tana wajen −4, tauraron Shi'ira, mafi haske a cikin taurari na gaske da dare, −1.5, iyakar abin da ido mai lafiya ke gani a duhun daji kuwa 6. Kowane mataki ɗaya bambancin ninki biyu da rabi ne. A cikin gari kar ka wahalar da kanka da abin da ya wuce 3. Haka nan duk wucewar da ƙololuwarta ba ta kai digiri 25 ko 30 ba, bar ta, gine-gine da ƙura za su cinye ta.

11. Ba ni da abin awo. Ta yaya zan san digiri 30, ko inda kudu maso yamma yake?

Miƙe hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen kimanin digiri 10 ne, ga babba da yaro. Ka ɗora ƙasansa a inda sama ta haɗu da ƙasa, ka riƙa ɗora ɗaya bisa ɗaya. Uku digiri 30 ke nan, tara ya kai ka tsakar ka.

Wajen kusurwa, inda rana ta faɗi ya ishe ka yamma, ko da yake tana ɗan karkata arewa a damina, kudu a hunturu. Masallacin unguwa ma alama ce mai kyau, muddin ka tuna alƙibla ba gabas sak ba ce: a Kano tana wajen digiri 68 daga arewa, gabas kuwa 90. Kamfas ɗin waya yana aiki, amma kusa da ƙofar ƙarfe, mota ko kwanon rufi yakan ruɗe.

12. Na ga wani ban shirya ba. Zan iya gano ko wanne ne daga baya?

Za ka iya, idan ka kama lokaci. Da ka gan shi, duba agogon waya ka rubuta awa da minti, da daƙiƙa in ta samu. Sannan daga ina ya taso, ina ya nufa, da wane sanannen abu ya gifta: wata, Zara, Kaza da 'ya'yanta. Ka ƙara da haskensa idan an gwada da taurarin da ke kusa, da ko yana walƙiya. "Bayan Isha, ta wajen gabas" ba ya gano komai, domin a cikin minti goma gomiya sun wuce ta wannan yankin.

Daga nan sai ka buɗe Stellarium ka mayar da agogonta zuwa wannan mintin, ko ka duba jerin masu hasken wannan daren a Heavens-Above, ka nemi wanda hanyarsa da lokacinsa suka dace. Ka yi a daren ko washegari, don bayanan suna tsufa, duba tambaya ta 15. Wani lokaci ba za ka sami kowa ba. Akwai na soja da ba a wallafa hanyarsu, akwai kuma waɗanda manhajar ba ta ɗauko ba.

13. Inda ya dosa yana nuna irin aikinsa?

Yana ba da haske. Galibi ana harba roka ne ta gabas don a ci moriyar juyawar duniya, shi ya sa tashoshin nan biyu da Hubble da yawancin Starlink suke tasowa daga ɓangaren yamma su nufi gabas. Masu tafiya daga kudu zuwa arewa ko arewa zuwa kudu, yawanci na ɗaukar hoton ƙasa ne da na hasashen yanayi, a nisan kilomita 500 zuwa 800, domin ta haka duniya ke juyawa a ƙarƙashinsu su leƙa ko'ina. Mai tafiya daga gabas zuwa yamma sak ba kasafai ba. Isra'ila ce ta yi fice da haka, tana harba taurarinta na Ofeq ta yamma bisa Bahar Rum don kada gangar roka ta faɗa ƙasashen maƙwabta.

14. Manhaja ta ce zai wuce, na fita ban ga komai ba. Me ya faru?

Fara da gari da agogo, tambaya ta 9. In sun yi daidai, duba ko wucewar ta gani ce, don wasu manhajoji suna jero har da na rana da na cikin inuwa. Sai hazo ko siririn gajimare, wanda ba ka lura da shi sai ka ga taurari sun yi kaɗan. Sai kuma idonka: wanda ya fito daga ɗaki mai fitila, ko yake ta leƙa fuskar waya, yana buƙatar minti goma zuwa ashirin kafin ido ya saba da duhu. Rage hasken wayar, ka fita da wuri. Jerin Starlink ne ya fi saɓa alkawari, domin haskensa ya danganta da yadda kamfanin ya juya su a daren.

15. Su masu manhajar, ta yaya suka san inda kowanne zai bi?

Rundunar sararin samaniya ta Amurka tana bin abubuwa dubbai da na'urorin rada da madubai, har masu girman santimita goma, ta ba kowanne lamba. ISS 25544 ce, Hubble 20580. Vanguard 1, da aka harba a Maris 1958 kuma har yau yana sama, lambarsa 5. Ga kowane ɗaya ana fitar da layi biyu na alƙaluma, kowanne mai gurbi 69, da ake kira TLE, masu bayyana karkatar hanyarsa, siffarta, da zagaye nawa yake yi a yini. Shafuka irin CelesTrak da Space-Track suna rarraba su, manhajarka ta sauko da su ta yi lissafi. Neman tauraro da lambarsa ya fi nemansa da suna tabbas.

Lissafin yana lalacewa da kwanaki, domin ko a can akwai ragowar iska da ke jan su ƙasa, kuma idan rana ta yi tsiya iskar takan kumbura. A Fabrairun 2022 irin wannan guguwa ta kayar da kusan 40 daga cikin Starlink 49 da aka harba tare. Ita ma ISS akan kunna inji a ɗaga ta lokaci-lokaci. Don haka ka bar manhajar ta sha intanet ko da sau ɗaya a 'yan kwanaki.

16. Wanda dish ɗinmu ke kallo fa, da na Najeriya, ana ganinsu?

Na talabijin suna nisan kilomita 35,786 a saman ikwaita, inda zagayensu ya yi daidai da juyawar duniya, sai ya zama kamar a tsaye suke. Dalilin da ya sa mai saita dish yake ɗaure shi sau ɗaya ya tafi ke nan. Nisan ya fi ƙarfin ido, sai da madubi ko kyamara. NigComSat-1R, da aka harba daga Sin a Disamban 2011 don maye gurbin na farko da ya lalace a 2008, yana cikinsu, a digiri 42.5 gabas.

NigeriaSat-1 na Satumban 2003, da NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X na Agustan 2011, duk daga Rasha aka harba su, an ƙera su ne don ɗaukar hoto, suna bin hanyar kudu da arewa a wajen kilomita 700. Ƙanana ne, ba su kai ƙaramar mota ba, don haka sai da tabarau mai hangen nesa da jadawali mai kyau.

17. Sai na sayi madubin hangen nesa? Kuma zan iya ɗaukar hoto da waya?

Kar ka yi gaggawar sayen babban madubi. Abin da yake nunawa ɗan ƙunci ne, tauraron zai fice kafin ka saita. Tabarau mai ido biyu, irin mai lamba 7x50 ko 10x50, ya fi amfani. Dabarar ita ce ka nemi tauraron da jadawali ya nuna zai gifta, ka tsaya a kansa ka jira.

Hoto kuwa, waya mai tsarin dare ko mai barin ka saita da hannu ta isa. Jingina ta da dutse ko ka ɗora ta a kan abin tsayawa, sa buɗewar ta kai daƙiƙa 10 zuwa 30, kai saitin nisa ƙarshe, ka sa mai ƙidaya don kada hannu ya girgiza ta. Tauraron ɗan Adam zai fito layi ɗaya miƙaƙƙe, jirgi kuma layi mai ɗigo-ɗigo. Ka shigar da bishiya ko rufin gida cikin hoton don a gane wurin. Bidiyon da aka zuƙo da yatsa, ɗigo ne kawai ke rawa, ba ya tabbatar da komai.

18. Tunda ina ganinsa, shi ma yana ganina?

Yawancinsu ba su da kyamarar kallon ƙasa ma sam. Masu ita, mafi kyawun na kasuwa suna rarrabe abu mai kimanin santimita 30: mota, rumfa, garken shanu, amma ba fuska ba. NigeriaSat-2 mita biyu da rabi yake rarrabewa. Kuma wucewa suke, ba tsayawa ba, hotunan da ke Google Earth ma na watanni ne ko shekarun baya.

19. Suna faɗowa? Me zan yi in na ga wani abu ya faɗo?

Suna faɗowa kusan kullum, mafi yawa su ƙone ƙurmus a iska. Alamar ita ce wuta mai tafiya a kwance, a hankali, tana rarrabuwa gida-gida da wutsiyoyi, ta yi rabin minti ko fiye. Jefi-jefi wani yanki yakan iso ƙasa: a Mayun 2020 an tsinci tarkacen da aka danganta da rokar Sin a ƙauyukan Kwaddibuwa, a Disamban 2024 kuma wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗa ƙauyen Mukuku a Kenya.

Kar a taɓa, kar a bar yara su yi wasa da shi, kar a kai wa 'yan gwangwan. Wasu tankunan suna da ragowar mai mai guba. A sanar da mai gari da hukuma. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1972 ta ɗora alhakin ɓarna a kan ƙasar da ta harba, kuma an taɓa biya: bayan tauraron Sobiyet mai suna Kosmos 954 ya watsa tarkacen nukiliya a arewacin Kanada a 1978, Tarayyar Sobiyet ta ba da dalar Kanada miliyan uku.

20. Bayan kallo da ido, akwai wani mataki na gaba?

Akwai sauraro. ISS tana watsa magana a mitar rediyo megahaz 145.800 ta zangon rediyon 'yan sha'awa, lokacin da 'yan sama jannati ke zantawa da ɗaliban makarantu, wasu lokutan kuma tana turo hotuna ta sauti waɗanda manhajar waya ke iya buɗewa. Ƙaramar rediyon hannu mai kama wannan zango, ko 'yar na'urar kama rediyo mai suna RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta, ta isa. A nan ba ruwanka da duhu ko hazo, wucewar rana ma tana yi. Za ka lura mitar tana ɗan hawa idan tashar na tunkaro ka, ta sauka idan ta ba da baya. Yin magana da su kuwa sai mai lasisi.

Akwai kuma masu auna lokacin da tauraro ya gifta wasu taurari, su haɗa alƙaluman da na 'yan uwansu a wasu ƙasashe, su fitar da hanyar waɗanda ba a wallafa ba. A Janairun 2018 wani ɗan Kanada mai wannan sha'awa, Scott Tilley, yana neman siginar wani tauraron sirri na Amurka mai suna Zuma, sai ya ci karo da ta IMAGE, tauraron binciken NASA da aka daina jin ɗuriyarsa tun Disamban 2005. Ya sanar da su, suka duba suka tabbatar nasu ne.